Wasiƙar Da Magajin Gari Ya Kasa Ƙarasawa

Akwai wata mata da aka yi a garinmu Loma Fría, can saman duwatsun Kolombiya inda muke noman kofi, ana kiranta Doña Eduviges. Ban riske ta ba. A bakin kakata Ludivina na ji labarin, ita kuwa tana 'yar shekara tara lokacin da abin ya faru, yau sama da shekara tamanin ke nan.

Mijin Doña Eduviges ya rasu ya bar mata gonar kofi mafi girma a yankin, da gidan bene guda tilo da ke kallon dandalin gari. Rabin mazan garin a gonarta suke aiki. Bencin gaba a coci nata ne, ko ta makara babu mai zama a kai.

A falonta akwai babban hoton wani dattijo mai gashin baki, sanye da kwat. Ta ce mahaifinta ne, babban alƙali a birni, ya rasu tun tana budurwa. Kowace shekara sai ta sa limamin cocinmu, Fada Anselmo, ya yi wa mamacin addu'a ta musamman. Duk wanda ya ɓata mata rai kuwa, sai ta tuna masa cewa ita 'yar alƙali ce, ba a bayan alfadari aka haife ta ba.

Makarantar garin aji ɗaya ce, yara ashirin da uku, malama ɗaya mai suna Otilia. Duk watan Disamba yaran kan rubuta wa Jariri Yesu wasiƙa su faɗi abin da suke so ranar Kirsimeti. Malama Otilia ta kan karanta a ɓoye, ta raɗa wa iyaye abin da za su iya. Uba ya sassaƙa doki na katako, uwa ta ɗinka 'yar tsana da ƙyalle. Yaran kuwa sun yarda cewa babu idon da ke ganin takardunsu sai na wanda aka rubuta wa.

A shekarar nan aka turo mana sabon magajin gari daga birni, Don Evaristo, tare da matarsa. Doña Eduviges ta so su san wace ce ita. Sai ta aika aka kira malama, ta ce bana ita za ta saya wa kowane yaro abin da ya roƙa, a kawo mata wasiƙun yadda suke a liƙe.

Malama Otilia ba ta so hakan ba. Ta ce yaran suna rubuta abubuwan da ko iyayensu ba sa gaya wa. Doña ta ce ita kaɗai za ta gani, ta ba ta kalmarta. Malama ta tuna yaran da suke zuwa aji ba takalmi, ta miƙa kwandon wasiƙun ba tare da ta buɗe ko ɗaya ba.

Doña ma ba ta buɗe ba. Ta dai sa an sayo hankici ashirin da uku da alawa, ta ajiye kwandon a gefe don wata manufa da ita kaɗai ta sani.

Saura kwana biyu Kirsimeti, da la'asar, ta yi walima a tsakar gidanta. Manyan gari suna zaune a kujeru, ana zagawa da kofi da soyayyen buñuelo, wani abu mai kama da fanke. Yaran suna tsaye a layi cikin wankakkun kaya. Iyayensu suna bakin ƙofa, maza riƙe da huluna a hannu.

Bayan an ci an sha, Doña ta sa aka kawo kwandon. Ta ajiye shi gaban magajin gari, ta ce tunda shi ne mai babbar murya ya karanta wa baƙi, su ji yadda 'ya'yan masu tsinkar kofi suke rubutu, za su sha dariya.

Malama Otilia ta matso kusa da ita, ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, ba haka muka yi da ke ba."

"Ke Malama, koma ki tsaya tare da yaranki. A gidana kike."

Don Evaristo bai san da wani alkawari ba. Ya gyara tabarau, ya buɗe wasiƙar farko. Wani yaro ne yake roƙon takalmi, ya ƙara da cewa don Allah ƙafa biyun su zama iri ɗaya. Aka yi dariya. Ta biyu ta kakata ce. Ta roƙi 'yar tsana mai rufe ido, in babu to ko matsefi. Aka sake dariya, kakata ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta uku ta wani yaro ce da ya roƙi babansa ya daina shan giya ranar Asabar, don in ya sha mamarsa ce take kwana da kuka. Doña ta yi dariya har da share hawaye. Uban yaron yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Yaron ya fara kuka ba sauti.

Magajin gari ya ɗan ji nauyi, ya ce ko a bari haka. Doña ta ce ai yanzu aka fara, ta zaro wata da hannunta ta miƙa masa.

Ya buɗe, ya karanta da ƙarfi kamar sauran.

"Jariri Yesu, ni ce Herminia, 'yar Tránsito mai wanki. Bana ba na son komai. Bara ma ba ka kawo ba, kuma ban ji haushi ba. Bargo nake roƙo, amma ba nawa ba ne. Na tsohon nan ne da ke kulle a ɗakin sirdi a bayan gidan Doña. Yana tari sosai, ƙafarsa ta kumbura. In za ka iya ka haɗo da mabuɗi. Sunansa Crisanto. Doña tana ce masa Baba in ta ga babu kowa, amma..."

Nan muryar Don Evaristo ta tsaya. Ya dubi takardar, ya dubi Doña, ya sake duban takardar. Matarsa ta ajiye kofinta a hankali. Tsakar gidan ya yi tsit, har ana jin kaji suna tono a bayan katanga.

Doña Eduviges ce ta fara magana. Ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ta ce kowa ya ga abin da ake samu in aka koya wa 'ya'yan masu wanki rubutu, sai su fara ƙirƙirar tatsuniya. Sannan ta juya wajen ƙofa, ta nuna Tránsito da yatsa.

"Ke, zo ki ɗauke mahaukaciyar 'yarki. Daga yau kada in ƙara ganin ƙafarki a gidan nan, kuma duk gidan da ya ba ki wanki ya sani da ni yake yi."

Tránsito ba ta da miji, ba ta da gona, wankin nan ne abincinsu. Ta shigo, ta kama hannun Herminia, tana ba da haƙuri, tana cewa yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba. Ta girgiza 'yar, ta ce ta faɗa wa mutane ƙarya ta yi.

Herminia tana hawaye, amma ta ce, "Mama, ba zan ce ƙarya ba ne. Da safen nan ma na kai masa arepa, wainar masarar da kika ba ni."

Malama Otilia ba ta nemi izinin kowa ba. Ta jawo kwandon gabanta, ta shiga buɗe sauran wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, tana dubawa da ido. Ta ware wasu gefe guda, ta ƙirga, tara ne. Ta miƙa wa Fada Anselmo.

Fada ya karanta su a tsaye. Wani yaro mai suna Baudilio ya roƙi zarto mai yanka ƙarfe. Wata ta roƙi maganin tari "na babba, ba na yara ba". Wani ya roƙi a nemo wa tsoho alfadarinsa da yake ta kira. Wata ƙarama da ba ta gama iya rubutu ba ta ce kawai a buɗe wa Kaka Crisanto ya ga rana.

Yara goma ne, kowa da rubutunsa, kuma duk maganar mutum ɗaya suke yi.

Fada Anselmo ya ninke takardun. Shekara goma sha huɗu yana yi wa mahaifin Doña addu'ar mamaci. Ya ce mata ta ba shi mabuɗin ɗakin sirdi. Ta ce babu komai a ciki sai tsofaffin buhuna, mabuɗin ma ya ɓace tuntuni, kuma ba za ta yarda a ci mata mutunci a gidanta ba saboda surutun yara.

Tana cikin magana tsohuwar kukunta ta fito daga kicin. Ba ta dubi uwar ɗakinta ba. Ta sa hannu a aljihun rigarta, ta ciro mabuɗi, ta ajiye a tafin Fada, ta ce ita ta gaji, ba ta so ta mutu da wannan a wuyanta.

Babu wanda ya ce a tashi, amma kowa ya tashi. Baƙi da iyaye da yara suka bi Fada, suka wuce kicin, suka wuce wurin shanya kofi, har ƙarshen gidan inda wani ɗakin katako yake jingine da katanga. Yaran ne suka sha gaba, don su sun san wurin ta waje. Hanyar makaranta ta bayansa take bi.

Da aka buɗe ƙofar, warin da ya fito ya sa matar magajin gari ta ja da baya ta toshe hanci. Babu taga. A kan tarin buhuna wani tsoho ne zaune, gashinsa fari fat har kafaɗa, ya rame ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura. Ya kare idonsa da hannu saboda haske.

Kusa da shi akwai wani wuri da katako ɗaya ya ɓalle, hannun yaro zai iya shiga. A ƙarƙashin wurin ga ganyen ayaba da ake naɗe abinci, ga guntun mazarƙwaila, ga wata ƙaramar rigar sanyi ta yaro da ya lulluɓe gwiwoyinsa da ita.

Tsohon ya dubi taron, ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa. Ya gaishe su da ladabi, ya ce su yi haƙuri, in don kayan gishiri suka zo bai gama ɗaura wa alfadarai sirdi ba.

Wani dattijo cikin masu tsinkar kofi ya kutsa gaba, ya ƙura masa ido, sai hularsa ta faɗi daga hannunsa. Ya ce ya san mutumin nan. Crisanto ne mai alfadarai, wanda yake ƙetare duwatsu da gishiri tun suna samari. Kowa a hanyar nan ya san yana da 'ya ɗaya da ya kai makarantar 'yan mata a birni, har ya sayar da alfadaransa uku saboda ita.

Mutane suka juya suna neman Doña. Tana tsaye can baya, ita kaɗai, ta dafa bango.

Fada ya durƙusa gaban Herminia, ya tambaye ta tun yaushe suka sani. Ta ce tun watan Mayu. Suna dawowa daga makaranta suka ji ana fito irin na masu kora alfadarai, suka ɗauka fatalwa ce, har Baudilio ya yi ƙarfin hali ya leƙa. Tun daga ranar suke raba abincinsu da shi.

Ya ce to me ya hana su gaya wa manya?

"Mun gaya musu, Fada. Baudilio ya gaya wa babansa, aka yi masa duka. Ni na gaya wa Mama, ta toshe mini baki ta ce za a kore mu. Shi ne muka ce bari mu gaya wa wanda ba ya aiki a gonar Doña."

Babu babba ko ɗaya a wurin da ya iya ɗaga kai. Kakata ta ce har ta tsufa ba ta manta fuskar mahaifinta a wannan lokaci ba, don ita ma ta taɓa gaya masa, ya ce ta daina maganar da ta fi ƙarfinta.

Sauran labarin a bakin kuku aka ji shi. Hoton falo a shagon tsofaffin kaya aka sayo shi, babu wanda ya san ko wane ne. Tun a makaranta Eduviges ta fara jin kunyar uban da ke zuwa ganinta da takalmin igiya da warin dabba, ta ce wa ƙawayenta baransu ne. Da za ta auri mai gona sai ta ce ya mutu. Shekara biyu kafin wannan rana hankalinsa ya fara gushewa, wani maƙwabcinsa ya kawo shi ta ƙofar baya. Ta ce a sa shi a ɗakin sirdi na kwana biyu kafin ta san yadda za ta yi. Kwana biyun ne suka zama shekara biyu.

Magajin gari ya tambayi inda za a kai shi. Manyan gari suka shiga kallon juna, kowa yana tunanin abin da zai biyo baya tsakaninsa da Doña. Sai Tránsito, wadda aka kora ko awa ɗaya ba a yi ba, ta share fuskarta ta ce, "Ku kawo shi wurina. Ɗaki ɗaya ne, amma ba shi da kwaɗo."

Maza huɗu suka ɗauke shi a kujera, suka ratsa dandali da shi kowa yana gani. Yana ta tambayar ko yau kasuwa ce, da ya ga mutane da yawa haka. Hankici da alawar Doña kuwa a kan tebur aka bar su, babu yaron da ya taɓa.

Kafin rana ta faɗi kafinta ya kawo gado. Matar magajin gari ta aiko da barguna biyu. Mai kemis ya zo da kansa ya duba ƙafar. Washegari gidaje bakwai suka aika wa Tránsito da wanki, har ta rasa inda za ta shanya. Don Evaristo da Fada kuma suka ɗauki nauyin karatun Herminia. Ita ce daga baya ta zama ma'aikaciyar jinya ta farko a garinmu, kuma a hannunta aka haifi mahaifiyata.

Ranar Kirsimeti Doña Eduviges ba ta je coci ba. Da hantsi aka gan ta ta fito ita kaɗai a ƙafa, ba kwalliya, ta bi ta gaban kowa har ƙofar Tránsito. Ta tsaya ta nemi izinin shiga. Tránsito ta daɗe tana kallonta kafin ta matsa gefe.

Tsohon yana zaune a bakin gado, an yi masa aski, yana shan ruwan mazarƙwaila mai ɗumi. Doña ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Baba, ni ce. Eduviges ce."

Ya dube ta da kyau, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Sannu baiwar Allah. Ni ma sunan 'yata ke nan. Tana makaranta a birni, kanta yana ja sosai. In kin je can ki ce mata kada ta damu, ina nan zuwa."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya ɗan bubbuga kafaɗarta, ya dubi Tránsito, ya tambaya ko rasuwa aka yi wa matar nan.

Ta roƙa a bar ta ta mayar da shi gidanta, ta ba shi ɗakin da ya fi kowane kyau. Ya ƙi, ya ce nan ya fi masa, akwai yara. Sai ta koma zuwa kullum da safe. Ita ke wanke masa ƙafa, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke fitar da fo. Mutanen gari suka yi watanni ba sa amsa gaisuwarta, ba ta fasa zuwa ba. Kullum sai ta sake gaya masa ko ita wace ce, kullum sai ya gaishe ta kamar yau ya fara ganinta.

A watan Maris jikinsa ya yi nauyi. Ana gobe zai rasu, da rana tsaka, Doña ta gama shafa masa mai a ƙafa, ta ɗauki kwanon ruwa za ta zubar a waje. Tana bakin ƙofa ta ji ya kira Tránsito, yana magana ƙasa-ƙasa don kada baƙuwar ta ji.

"Matar nan da take zuwa kullum, 'yar waye? Tana da kirki ƙwarai. Duk wanda ya haife ta ya haifi 'ya."

Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ta zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zube, ba ta iya tashi ba sai da Tránsito ta zo ta ɗaga ta.

Darasi: Kada matsayi ya sa ka ji kunyar wanda ya sha wahala don ka zama mutum. Gafarar da za ka nema gobe, mai yiwuwa ka tarar babu wanda zai gane ka balle ya yafe maka. Kuma in yaro ya zo maka da magana mai nauyi, ka saurare shi kafin ka toshe masa baki, don wani lokaci yara ne kaɗai tsoro bai rufe wa ido ba. In iyayenka suna raye ka neme su yau, sannan ka tura wa wani wannan labari, wataƙila akwai ƙofar da zai sa a buɗe.